Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Wutar Lantarki Kan Ƙwan da Muke Kunnawa a Gidajenmu

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne a matsayina na malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a Kano, kuma magidancin da ke biyan kuɗin wuta duk ƙarshen wata. Na san teburinku cike yake da manyan al'amura, irin su bashin kamfanonin samar da wuta, da lalacewar babban layin ƙasa, da ɓarayin da ke kayar da turaku a daji. Abin da na kawo muku ƙarami ne a ido, domin bai wuce ƙwan lantarkin da ke rataye a ɗakunanmu da zaurukanmu ba, amma na daɗe ina ganin cewa a wannan ɗan ƙwan ne talaka yake asarar kuɗinsa, ƙasa kuma take asarar wutar da ba ta ishe ta ba.

A watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC mai tsara harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, an ji daga ma'aikatarku cewa 'yan Najeriya ba su da al'adar tattalin wuta. Mutane da yawa sun ji zafin maganar, ni ma na ji, amma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Duk wanda ya bi lungunan unguwarmu da rana tsaka zai ga ƙwai yana ci a ƙofar gida, da shago, da banɗakin masallaci, rana na dukansa ba wanda ya damu ya kashe. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai dalilan da suka sa magidanci ba ya ganin ribar tattali, kuma yawancinsu gyaransu yana hannun hukuma.

Bari in fara da lissafin da nake yi wa ɗalibaina a allo. Tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, wanda muke kira jan ƙwai, yana ba da haske ne ta hanyar zafafa siririn zaren ƙarfe har ya yi ja ya haskaka, don haka kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take zama. A gari irin Kano, inda a watan Afrilu mutum ke neman inda zai sa kansa saboda zafi, wannan yana nufin muna biyan kuɗi ne a ƙara mana gumi a ɗaki, sannan mu sake biya fanka ta kore shi. Hasken da jan ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, farin ƙwan nan na zamani, wato LED, mai wat 9 yana bayar da kwatankwacinsa, kuma yayin da jan ƙwai ke mutuwa bayan sa'o'i kamar 1,000, LED na ƙwarai yana iya kai sa'o'i 15,000 ko fiye. Gidan da ke da ƙwai goma masu wat 60, yana kunna su sa'o'i shida a kullum, zai sha yunit 108 a wata kan haske kaɗai. Idan ya mayar da su LED, abin da zai sha bai wuce yunit 16 da ɗoriya ba. Ko da naira 60 muka ɗauka a matsayin kuɗin yunit, bambancin ya haura naira 5,000 a wata, a kan naira 225 ɗin nan ta rukunin A kuwa ya haura naira 20,000, kuɗin da zai saya wa iyali hatsi.

Idan aka ɗaga lissafin daga gida ɗaya zuwa ƙasa, sai abin ya fi ba da mamaki. A ce gidaje miliyan ɗaya kowanne ya sauya ƙwai huɗu kacal, za a sauke wa layin ƙasa nauyin megawat 200 da 'yan kai, wato kusan sulusin ƙarfin tashar Shiroro mai megawat 600, ba tare da an datse kogi ko an tashi ƙauye ko an ciyo bashin waje ba. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, amma wutar da take rarrabawa take kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ba ta da dalilin raina irin wannan. Kuma wannan sauƙin yana zuwa ne a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, tsakanin magariba da bayan isha'i, lokacin da kowane gida ke kunna fitila, wutar ta yi rauni, taransifomar unguwa ta fara kuka kafin fis ya tashi.

Ranka ya daɗe, jama'a ba su jira gwamnati ba kafin su gane wannan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai ƙaramin janareto ya koyi ƙirga kowane wat, mai sola kuma ya san cewa ƙwai mara cin wuta shi ne bambancin batirin da zai kai asuba da wanda zai mutu da ƙarfe goma na dare. A kasuwannin kayan wuta yanzu farin ƙwai ne ya cika kantuna. Inda gizo ke saƙar shi ne, mafi yawan abin da talaka ke iya saye a matsayin ƙwai mai tattalin wuta ba shi da ingancin da aka rubuta a kwalinsa.

Shekaru biyu da suka wuce na yanke shawarar sauya duk ƙwayayen gidanmu a rana ɗaya. Na shiga kasuwa na tsaya a wani shago, mai shagon ya ɗauko mini kala biyu, ya ce wannan orijinal ne, wannan kuma mai sauƙi ne, amma duk aikinsu ɗaya. Ya ɗaura kowanne a soket ɗin da ke jikin katakon gwaji, suka kawo fari tas, ya ce, "Malam, ka gani da idonka, in ka fita da kaya ba ma karɓa." Na sayi goma sha biyu daga cikin waɗanda ya kira orijinal, kowane kwali ɗauke da alkawarin shekaru na aiki. Kafin azumi ya zagayo, bakwai sun mutu. Wasu sun fara da kyaftawa kamar mai ciwon ido, wasu hasken ya dushe a hankali har yarana suka koma yin aikin gida da tocilar waya, ɗaya kuwa ya yi ƙara ya fitar da hayaƙi a daren da aka dawo da wuta da ƙarfi.

Ban zubar da su ba. Na kai su ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, muka fasa su da ɗalibaina muna dubawa. Ƙwan LED na ƙwarai yana da farantin alminiyam a bayan 'yan ƙwayoyin hasken domin ya janye zafi, da ɗan allon da ke daidaita wutar da ke shigowa ko ta yi sama ko ta yi ƙasa. A cikin namu, roba ce zalla ba abin da zai janye zafi, allon kuma ɗan guntu ne mai kafasita ɗaya da ta kumbura ta tsage. Muka auna ɗaya daga cikin waɗanda suka rage da rai, mai rubutun wat 18 a jikinsa, muka tarar ko rabin haka ba ya kaiwa, haskensa ma haka. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe wannan ma tauye mudu ne." Ban sami abin da zan ƙara a kan maganarta ba, domin wanda ya rubuta 18 ya ba ka 8 ba shi da maraba da mai awon da ya bubbuge gindin kwanonsa.

Asarar kuɗin ba ita ta fi damuna ba. Mahaifiyata, wadda da ƙyar na shawo kanta ta yarda a cire jan ƙwan ɗakinta, da farin ƙwai na biyu da aka sa mata ya mutu sai ta aiki jikanta ya sayo mata irin na da, ta ce ita ta gaji da abin da ba ya kwana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk jabun ƙwan da ya mutu a ɗakin wata tsohuwa yana rushe wa'azin tattalin wuta na shekara guda, kuma babu tallan rediyon da zai gyara wannan, domin ita abin da ta gani a silin ɗinta take gaskatawa.

Na san cewa binciken ingancin kaya aikin hukumar SON ne, shigowarsu ta tashoshin ruwa da iyakoki kuma yana hannun kwastam, kuma duka biyun ba a ƙarƙashin ma'aikatarku suke ba. Amma nauyin da jabun ƙwai ke jawowa a kan layinku yake sauka, don haka ku ne kuka fi cancanta ku kira zaman. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa ɗiban ƙwayaye daga kantunan Sabon Gari a Kano, da Alaba a Legas, da babbar kasuwar Onica, kamar yadda mai saye zai saya, a auna su, a wallafa sunan kowane tambari da abin da aka samu a jaridu da rediyo, domin mai saye ya san wanda zai guje wa, ɗan kasuwa mai gaskiya kuma ya daina shan kashi a hannun mai arahar ƙarya. A kuma wajabta wa mai shigo da kaya garantin aƙalla shekara guda wanda mai shago zai mutunta, a rubuta ranar saye a gindin ƙwan da alƙalami, yadda wanda ya mutu kafin lokaci za a canza shi ba tare da rantse-rantse ba. Tunda wutarmu hawa da sauka take yi, bai kamata a bar ƙwan da ba zai jure wannan ba ya shigo ƙasar tun farko, alhali akwai waɗanda aka ƙera su yi aiki daga ƙasa da bolt 100 har sama da 250.

Abu na biyu yana hannunku kai tsaye, wato mita. Kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta a ƙasar nan ba su da mita, ana kawo musu bil ne na ƙiyasi. Mutumin da za a rubuto masa kuɗi ɗaya ko ya kunna ƙwai biyu ko ya kunna ashirin, da wace hujja za a ce masa ya cire kuɗi daga aljihunsa ya sayi ƙwai mai tsada? Wani maƙwabcina ya faɗa mini a fili cewa shi ba zai kashe ƙwan ƙofar gidansa ba, tunda ko ya kashe ko bai kashe ba sai ya biya, gara ya ci abin da ya biya. Ban yarda da shi ba, na kuma gaya masa almubazzaranci haramun ne ko da dukiyarka ce, amma na fahimci inda maganarsa ta fito. A gidajen da aka sa mitar kati kuwa, na ga yadda uwargida ke bin yara tana kashe fitilar ɗakin da ba kowa, tana leƙa lambar mitar safe da yamma kamar mai duba tukunya. Babu wanda ya yi mata lacca, lambar da ke raguwa a gabanta ce ta koya mata. An yi shirin raba mita kyauta na ƙasa a 2020, an yi wasu kafinsa da bayansa, amma har yau lunguna da yawa suna jira. Ina ganin ya dace duk gidan da za a ɗaura wa mita a haɗa masa da ƙwayaye huɗu ko biyar masu inganci a rana ɗaya, domin a watan farko magidanci ya ga bambancin da idonsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, ba ma sai mun je nesa ba. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Ghana ta raba ƙwayaye masu tattalin wuta miliyan shida kyauta, tana karɓar tsofaffin a madadinsu, abin da ya rage bukatar wuta a lokacin cunkoso da megawat 124, sannan a 2008 ta kafa dokar hana shigo da jan ƙwai. Indiya ta bi wata hanyar a shirinta na UJALA da ta fara a 2015: wani kamfanin gwamnati ya riƙa sayen ƙwayayen LED miliyoyi a lokaci guda bisa sharaɗin inganci da garanti, masana'antu suka yi ta gasar rage farashi har ƙwan da ake saye sama da rufi 300 ya sauko ƙasa da rufi 50, aka kuma bai wa mutane damar biya kaɗan-kaɗan ta cikin bil ɗinsu, har aka raba fiye da miliyan 360. Hanyar Indiya ce ta fi kwanta mini, domin abin da aka raba kyauta a ƙasarmu mun san yadda yake ƙarewa a hannun 'yan kaɗan, ya dawo kasuwa ana sayarwa. Talakan da ke sayen ƙwan araha ya san araha ba ta ado; kuɗin na ƙwarai ne ba ya da shi a dunƙule ranar da ɗakinsa ya yi duhu. Idan aka raba masa kuɗin a kan wata shida ta cikin katin wutarsa, abin da ƙwan ya rage masa shi zai biya kansa.

Akwai kuma abin da ba a cika magana a kansa ba. Kafin LED ya yaɗu, ƙwan da aka tallata mana a matsayin mai tattalin wuta shi ne mai murɗaɗɗiyar kwalba, tare da dogon ƙwai na ofisoshi da makarantu, kuma dukansu suna ɗauke da ɗan sinadarin zaiba a ciki, wanda ke illa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda, musamman ga yara ƙanana da masu juna biyu. Miliyoyinsu suna mutuwa yanzu, kuma bola ce makomarsu. Na taɓa tarar da yara a bayan makarantarmu sun tsinto dogayen ƙwayaye suna wasan takobi da su, in ɗaya ya fashe farar ƙurar ta tashi su yi shewa, wani ma yana shafa ta a hannu. Na kore su, na tara iyayen da na sani na yi musu bayani, amma da suka tambaye ni inda za su kai matattun ƙwayayen gidajensu, ban da amsar da zan ba su. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, kuma ƙasashen da ke cikinta sun amince a daina ƙerawa da cinikin ƙananan murɗaɗɗun ƙwayayen nan tsakanin ƙasashe bayan 2025, dogayen kuma bayan 2027. Abin tsoron shi ne, kayan da wasu ƙasashe suka rufe wa ƙofa su nemo kasuwarmu. Ina roƙon ku haɗa kai da ma'aikatar muhalli da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a tsare wannan ƙofar, a kuma ajiye akwatin karɓar matattun ƙwayaye a ofisoshin biyan kuɗin wuta, tunda nan ne wurin da kowane magidanci ya sani.

Idan za a kafa dokar hana jan ƙwai, kamar yadda Tarayyar Turai ta kammala a 2012, ina ba da shawarar a yi ta da sanin yadda mutanenmu ke rayuwa. Matan da ke kiwon kaji a cikin gida suna amfani da jan ƙwai ne domin zafinsa, da shi suke ɗumama 'yan tsaki a lokacin hunturu, kuma LED ba zai yi musu wannan aikin ba. A samar musu da fitilar ɗumama ta musamman kafin a rufe musu wancan. Tsofaffi da yawa kuma suna ƙorafin cewa farin ƙwai yana kashe musu ido, alhali akwai LED mai haske ruwan ɗorawa irin wanda suka saba da shi, sai dai ba a cika kawo shi kasuwarmu ba, mai shago ma bai san ana bambanta su da lambar da ke jikin kwali ba, 2700K ko 3000K ga mai laushi, 6500K ga fari fat. Haka nan jama'a sun saba auna ƙarfin ƙwai da wat, alhali wat yawan wutar da yake sha ne, ma'aunin haske kuwa shi ne lumen. Wannan ilimi ne na minti biyar, amma da Turanci yake a jikin kwali. A fassara shi da Hausa da sauran harsunanmu, har da ajami, a ba gidajen rediyo, a kuma koyar da masu gyaran wuta na unguwa, domin maganarsu ce magidanci yake ji idan ya tashi sayayya.

Ya kamata kuma gwamnati ta fara da nata gine-ginen. A sakatariyoyi da makarantu da asibitoci ana ganin dogayen ƙwayaye suna ci a baranda tun daren Juma'a har safiyar Litinin, kuma da kuɗin jama'a ake biya. A watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ƙananan asibitocin da ke da sola da ƙwayaye marasa cin wuta ne suka ci gaba da karɓar haihuwa da dare cikin haske. Tunda dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu, ma'aikatarku tana iya gindaya wannan a matsayin sharaɗi a duk wani tallafi da za ta ba su.

Ranka ya daɗe, kafin a kafa kwamiti ko a kira taro a otal, ina roƙon ku aiki ma'aikaci ɗaya, ba tare da rakiya ba, ya shiga kasuwar da ta fi kusa da ofishinku a Abuja ya sayo ƙwayaye goma masu tambari daban-daban, daga mafi araha zuwa mafi tsada. A auna wutar da kowanne ke sha da hasken da yake bayarwa, a kwatanta da abin da aka rubuta a kwalinsa, a bar su a kunne a wani ɗaki na ma'aikatar har wata uku, sannan a kawo muku sakamakon a takarda ɗaya. Matattun ƙwayayen nan bakwai suna nan a cikin kwali a ɗakin gwajinmu, kowanne da ranar da aka saye shi da ranar da ya mutu a rubuce, kuma a shirye nake in aiko da su duk ranar da aka bukata.

Na gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora a kan wannan amana.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyya, daga Kano